Injinka ba ya fitsari, Alhaji

Duk Asabar ɗin da na fito da bokiti da soso na hau wanke jirgin nan a tsakar gida, sai maƙwabcina ya leƙo ta saman katanga yace "Sarkin Ruwa, an tashi lafiya?" Tun ƙarshen 2021 yake min wannan tsiyar har yau bai gaji ba. Kuma gaskiya ban ga laifinsa ba, ace mutumin Katsina wanda ruwan da ya sani bai wuce na rijiya da kududdufin bayan gari ba, wanda ko iyo sai da ya haura arba'in sannan ya koya, wai yau shi ne da jirgin ruwa a kan tirela a Gwarinpa ta Abuja.

Yadda akai kuwa, ni da wani abokina muka haɗa kuɗi muka saya na hannu daga Legas, mai shi zai bar ƙasar yana neman kai da shi. Na faiba ne, ƙafa 19, da injin Yamaha Enduro mai doki 40 irin wanda ake ratayawa a baya, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai waje ɗaya kamar ƙaramin janareto. Ko wata shida ba a yi ba aka yi wa abokin nawa canjin wajen aiki, ya tattara ya bar ni da jirgi da ɗawainiyarsa, sai dai in ya shigo gari ya bugo yace "mutumina yaushe za mu Jabi?" kamar shi ke wanke shi.

Da farko ni ba abin da nake yi masa, a tunanina abin da ke zama cikin ruwa wane wanki kuma zai nema. Sai washegarin babbar sallah ta 2022 na sha mamaki. Na kwashi uwargida da yara uku da ƙanwarta da tazo mana sallah, harda kular soyayyen nama, muka nufi tafkin Jabi. A daren kafin nan na tada injin a gida a kan tirela na barshi yana ƙugi wajen minti biyu, wai ni mai tsari, kar a je gaban mutane ya ƙi tashi. Mun kai tsakiyar ruwa kenan yara na ta ihu suna ɗaukar bidiyo, ga mol ɗin can a gefe, sai na fara jin wani ƙauri kamar an ɗora roba a murhu, ƙarfin injin ya ragu, ya yi tari biyu ya mutu. Na ja igiya na ja na ja har kafaɗata ta riƙe, shiru. Murfin injin kuwa ba ya taɓuwa don zafi.

Wani dattijo mai kamun kifi ne ya tuƙo kwalekwalensa a hankali ya iso inda muke. Nace sannu Baba, yace "Yawwa Alhaji. Ai tun da kuka wuce ni na ga injinka ba ya fitsari." Uwargida ta sa mayafi ta rufe baki, ƙanwarta kam kasa riƙe dariyar tayi. Ni na ɗauka zolaya ce, ashe magana ce ta masu abin. Ya nuna min wata 'yar ƙaramar huda a ƙasan murfin injin ta baya, yace muddin inji na aiki dole ka ga ruwa na tsartuwa daga nan, in ka waiga baka gani ba to kashe shi nan take kar ka ƙara ko taku ɗaya. Shi ya ja mu da igiya har bakin ruwa, tsoho da filafili yana jan jirgi mai doki 40, jama'ar da suka fito yawon sallah suna kallo. Na bashi abin da ya samu yana ta "haba Alhaji, haba Alhaji" kafin ya karɓa.

Injin jirgi bashi da lagireto irin na mota. Ruwan tafkin yake zuƙa ta wasu ƙananan ramuka a can ƙasa kusa da farfela, wato fankar da ke tura jirgin, wani famfo ya turo shi sama ya zagaye injin ya sanyaya shi ya fita. Zuciyar famfon nan wata 'yar roba ce baƙa mai fukafukai, ana ce mata infela, bata fi tafin hannun yaro ba. Ruwa ne ke mata santsi, in ta juya a bushe ko rabin minti ne sai ta ƙone. Wato dai ni da hannuna na kashe ta a daren nan, ina ganin gwaninta nake.

Na kira bakanike, mutumin kirki ne a harkar mota amma jirgi ba layinsa bane kuma bai faɗa min ba. Ya canza filogi, ya wanke kafireta, ya karɓi kuɗinsa, ya kuma ƙara tada min injin a bushe yana cewa "Oga ka ji sauti?" Sauti kam akwai, fitsari ne babu. Ranar na yanke shawarar zama ɗan koyo a gidana, na sauke littafin injin a waya, na kwana uku ina kallon YouTube har uwargida ta fara tambaya ko jarrabawa zan zauna.

Canjin infela ba wani abin tsoro bane in ka yi sau ɗaya. Ka cire haɗin sandar giya, ka kwance notikan da suka riƙe ƙafar injin, wato ɓangarensa na ƙasa da ke shiga ruwa, ƙafar gaba ɗaya ta zamo ƙasa da doguwar sandarta, kuma tana da nauyi, gara a samu mai tallafa maka, ni babban ɗana ne ke riƙe min. A kan sandar za ka ga gidan famfon, ka kwance shi ka zare sama. Da na buɗe nawa fukafukai biyu ne kawai suka rage, sauran sun gutsuttsure sun yi baƙi kamar ƙanzon tuwo. A nan ne aikin haƙuri yake, dole ka nemo guntayen nan duka ka jera su ka ga sun cika, don wanda ya ɓace yana can ya shige hanyar ruwa zai toshe ta wata rana. Na shafe kusan awa ɗaya da tocilan a baki da 'yar waya ina zaƙulo na ƙarshe. Akwai kuma wani mitsitsin ƙarfe mai kamar rabin wata da ke maƙale infelar da sandar, in ya faɗi a ƙasa ka shiga uku, nawa ya faɗa cikin tsagin intalok muka duƙa ni da yara kamar masu tsintar shinkafa. Yanzu tsohon zanin gado nake shimfiɗawa kafin na kwance komai. Sabuwar sai ka shafa mata ruwan sabulu, kana danna gidan famfon kana juya sandar yadda hannun agogo ke tafiya har fukafukan su kwanta ta gefe ɗaya su shige. Ka ɗan shafa giris a haƙoran sandar ta gefe, banda samanta, ka mayar.

Da muka cika durom da ruwa muka tsoma ƙafar har ruwan ya haye saitin famfon, na ja igiya, bayan 'yan daƙiƙu sai ga ruwa tsuuu yana tsartuwa, wallahi ihun da muka yi ni da yaron nan har mai gadi ya shigo da gudu. Allah ya taimake ni zafin da injin ya ɗauka bai lalata shi ba. Tun daga nan duk shekara nake buɗewa in duba, in na ga fukafukan sun sandare a lanƙwashe basa miƙewa sai in canza ko basu yage ba, kuma kullum akwai sifiya ɗaya a akwatin jirgin. Ba kasafai ake samunta a kasuwar kayan gyara ta Apo ba, daga Legas nake sa a sako min a mota.

Amma fa ba kullum rashin fitsari ke nufin infela ta mutu ba. Akwai lokacin da na kusa sake kwance ƙafar gaba ɗaya, ashe zanzaro ne ya samu hudar nan ya yi gininsa na laka a ciki. Tsinken tsintsiya ɗaya ya gama aikin. Wani lokacin kuma leda ce, Jabi akwai ledar fiya wata kamar me, musamman bayan ruwan sama in magudanai sun kwaso sharar gari sun zubo, sai ta manne a ramukan shan ruwan. Ka kashe, ka ɗaga injin, ka cire, shikenan.

Tunda hannu ya saba da ƙafar injin sai na shiga man giya. Kusoshi biyu ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Ka ajiye kwano, ka cire na ƙasa, ka cire na sama, man ya tsiyaye. Launinsa za ka kalla. In baƙi ne ko ruwan zuma, lafiya. In ya fito kamar shayin da aka cika wa madara to ruwa ya shiga, kuma nawa haka ya fito a karon farko. Da na cire farfela sai ga zaren fatsa ya nannaɗe a bayanta ya yi tam har ya yanka robar da ke hana ruwa shiga, zaren su Baba ne dai ba wani ba, su ma ba da gangan ba, tsinkewa yake ya bi ruwa. Shi yasa yanzu duk bayan fita biyu uku nake zare farfela in leƙa in shafa giris in mayar. Sabon man lamba 90 ne, kuma daga ƙasa ake ɗura shi ba daga sama ba, kana matsawa har sai ya ɓullo ta hudar sama, ka rufe ta saman tukuna sannan ka yi wuf ka rufe ta ƙasa. In ka zuba ta sama iska ce za ta cika ciki ka ɗauka ya cika. 'Yan washar nan na kusoshin ma a canza su, kuɗinsu bai kai na tsire ba.

Sai fetur, wanda shi ne ciwon kan kowa. Haɗin da nake yi 50 da 1, wato jarka mai lita 25 rabin lita na mai take ci, kuma man injin jirgi nake nufi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, ba na mota da muke ɗura wa ƙaramin janareto ba. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma 537 a nan Abuja, kafin ƙarshen Yuli ta kai 617, fita Jabi ta koma sai an yi lissafi. Jirgi ya zauna wata uku ba a taɓa shi ba, ni kuma ina murna ina cewa ai hutu yake. Ranar da na tashi tada shi ya ƙi. Fetur ɗin da ya kwana a kafireta ya bushe ya bar wani danƙo ja-ja mai warin tsohon fenti ya toshe jet, wato 'yar hudar da mai ke bi. A nan na gane wannan abin zama ke kashe shi ba aiki ba, yawancin matsalolin da na samu bayan ta farko, daga ajiya suka fito. Yanzu in mun dawo kuma na san za a daɗe, kafin a fito da shi daga ruwa sai in zare tiyon mai in bar injin ya shanye na cikinsa ya mutu da kansa, ragowar na jarka in bai wa janareto. In wata ya yi ba mu fita ba to durom zai sha ruwa, in tada shi minti goma a gida. Na 'yan bumburutu kuwa bana saya, kuma ko na gidan mai ne ina zuba kaɗan a farar kwalba in ajiye, in akwai ruwa za ka ganshi ya kwanta a ƙasa.

Toh wankin jiki. Nan ma na yi ɓarna kafin na koya. Akwai wani zane ruwan ƙasa da ke fitowa daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgin, na sa omo ya ƙi, sai na shiga kicin na ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya na dirje shi da ƙarfina. Ya fita kam, amma wajen ya dushe har yau in rana ta haska ina ganin tabon. Ashe farin nan mai ƙyalli wata fata ce siririya a kan faibar, jelkot, kaurinta wajen rabin milimita ne kawai, abin da ka kankare ya tafi kenan. Uwargida ce ta tsaya tana kallona tace "Abbansu, da ka tambaya ai da an ce maka ka sa lemon tsami." Na raina maganar, na gwada a wani gefen don in ƙaryata ta, sai gashi ya rage sosai. Wanda ya kafu kuma garin asid ɗin oksalik ke fidda shi, wajen masu saida kemikal ake samu, ka jiƙa da ruwa ka shafa ka bashi 'yan mintuna, kana kallo zanen zai ɓace ba tare da dirza ba. Sai dai a sa safar hannu ta roba, a kiyaye ido, a ɗauraye da ruwa mai yawa harda tirelar don yana cin jikinta. Kuma don Allah kar a haɗa shi da bilic, ko shi ko duk wani abu mai tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Sabulun wanke mota da soso mai laushi sun isa wankin yau da kullum, daga sama zuwa ƙasa. Kuma a gida nake yi. Ina ganin masu wanke nasu a bakin tafki kumfa na gangarawa ciki, abin baya min daɗi, kifin da su Baba ke kamawa a nan ai mu ne dai muke zuwa mu ci gasasshe da yamma.

Abuja tana da azaba biyu ga jirgi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu, wadda in ka sa busasshen tsumma ka goge to sanfefa ka sa, dole ka fara watsa ruwa ta sauka tukuna. Ga rana, wadda ke cin jelkot a hankali, in ka shafa tafin hannu a jikin jirgi ka ga fari kamar alli to ta fara ci. Maganinsa folish da waks, sau biyu nake yi a shekara, kafin hunturu da kafin damina, da hannu, kashi kashi, a inuwa. Aikin yini guda ne kuma washegari kafaɗa sai an sa man zafi, amma in ka watsa ruwa ka ga yana mulmulewa kamar a kan ganyen gwaza sai ka ji wahalar ta biya.

Damina tafi hunturu mugunta. Shekarar farko na lulluɓe shi da tamfol na ɗaure ruf ko iska bata shiga, ina ganin na yi dabara. Tamfol ya lotsa a tsakiya ya tara ruwa sauro suka buɗe makaranta, a ciki kuma kujeru suka yi baƙin fumfuna ga wari kamar ɗakin da aka rufe shekara. Ɓeraye suka samu masauki suka cinye wayar famfon kwashe ruwa da gefen kujera ɗaya, laifin yara ne da ke barin guntun biskit da cincin a lungu. Yanzu ina kafa katako a tsakiya tamfol ya yi tozo ruwa ya zurare, in bar kafa gaba da baya iska ta ratsa, kujerun da ke cirewa in kai su sito. Fumfuna ruwan binega da burushi mai laushi nake sa mata in shanya, bilic yana fidda ta da sauri amma yana cinye zaren ɗinki, wata rana kujera za ta buɗe baki. Gaban tirelar a ɗage, toshiyar bayan jirgin a cire, duk ruwan da ya shiga ya fita.

Wannan toshiyar kuma sai da ta kusa kunyata ni. Mun tura jirgi ruwa ina can ina fakin mota, sai jin yarona nayi yana ƙwala "Abba! Abba ruwa na shigowa!" tana cikin aljihuna. Tun ranar na ɗaure ta da igiya a jikin makullin motar, ba yadda za ai in tada mota ban ganta ba.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa cin lokaci. Batir in cire kansa in za a daɗe, in ya yi farin gari a wanke da ruwan bakin soda a shafa basilin. Akwai wani guntun ƙarfe a ƙafar injin da aka sa musamman don tsatsa ta ci shi ta ƙyale injin, ba a masa fenti, in ya cinye rabi a canza. Na jirgina na zink ne tunda daga ruwan gishirin Legas ya zo, a ruwan daɗi irin namu na magniziyam yafi aiki, na daɗe ban sani ba. Boris ɗin tayar tirela kuwa, in ka taho daga gida ya ɗau zafi kar ka tsoma shi ruwa nan take, zuƙar ruwa yake, ka tsaya ka sauke kaya ya huce, kuma a riƙa bashi giris.

Rigunan kariya ne bana wasa da su. Ana dawowa a ɗauraye a shanya a inuwa, in ja kowane maɗauri in ji ko rana ta cinye shi, kuma na hana yara mayar da su matashin zama don soson ciki na mutuwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja kullum maganarta kenan, riga da hana tafiyar dare, mutane na ji kamar surutu ne. Wanda ya tuna kifewar jirgi a Patigi a Yunin 2023, inda aka rasa mutum sama da 100 'yan dawowa daga biki cikin dare, ba zai ce surutu bane. Jabi ba kogin Kwara bace amma ruwan da ya fi tsayinka duk sunansa ɗaya. A jirgina ko kai waye sai ka sa, kuma kafin magariba mun fito.

Abu ɗaya ne ban taɓa da kaina ba. Na ga 'yar tsaga a bangon baya inda injin ke rataye, na san haɗa rezin da hadna, wato gam ɗin faiba da maganin da ke sandarar da shi, na like ƙananan ƙwarzane da dama, amma wajen da ke ɗauke da nauyin inji da rayukan 'ya'yana ba wajen gwaji bane, mai aikin faiba na kira na tsaya a kansa har ya gama.

Satin da ya wuce dai maƙwabcin nawa ya yarda ya bi mu, bayan shekaru yana tsiya daga kan katanga. Ya ce sai an bashi riga biyu, na ce ɗaya ake sawa. Ya zauna a tsakiya ya riƙe kujera da hannu bibbiyu yana ta salati ƙasa ƙasa, yarona ya bashi labarin Baba don ya saki jiki, ai kuwa sai ya ƙara rikicewa. Har muka zagaya muka dawo bai kalli gari ba bai kalli ruwa ba, wuyansa na baya, duk minti biyu sai yace "Sarkin Ruwa, yana yi kuwa?"